Faccaloli Biyu da Takalmin da Ya Raba Gari



Akwai abin da na daɗe ina lura da shi a garuruwanmu, na kuma san ke ma kin sha gani. Alhaji zai kafa kasuwanci, shaguna a jere, motoci suna ɗauka suna saukewa, mutum ya fi talatin yana ci a ƙarƙashinsa. Ranar da aka ce ya kwanta dama, kafin shekara ta zagayo sai ki tarar an garƙame shagon da kwaɗo biyu, kowane ɗaki da nasa. Ko kuwa wa da ƙane su haɗa jari tun suna samari, suna ci a kwano ɗaya, amma da zarar arziki ya zo kowa ya ajiye iyali, sai ki ji an ce ko gaisawa ba sa yi. Daga nan sai 'yan gari su ce ai matansu ne suka raba su.

To wannan ciwo ba mu kaɗai yake damu ba. Yau zan ɗauko miki tarihin gidaje biyu daga nesa, ɗaya a Jamus ɗaya a Indiya. Dukkansu sun yi rigima a kan dukiya, dukkansu kuma sun raba ta. Amma gida ɗaya ya haɗa har da zumunci ya raba, ɗayan kuwa ya tsira da nasa. Abin da ya bambanta su shi nake so mu duba tare.

Ki dubi yaran gidanku in za su fita ƙwallo. Da wuya ki rasa mai kambas ko riga mai zane uku a jere, wato Adidas, ko mai hoton wata dabba mai kama da damisa ta yi tsalle, wato Puma. Mutane da yawa ba su san cewa waɗanda suka kafa kamfanonin nan biyu ciki ɗaya suka fito ba. Wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

A kudancin Jamus, kusa da birnin Nuremberg, akwai wani ƙaramin gari mai suna Herzogenaurach, wanda wani ɗan kogi da ake kira Aurach ya ratsa ta tsakiyarsa. A nan aka haifi Rudolf Dassler a 1898, aka haifi ƙanensa Adolf, wanda ake kira Adi, a 1900. Gidan talakawa ne. Ubansu Christoph ma'aikaci ne a masana'antar takalma, uwarsu Pauline kuwa wanki da guga take yi wa mutane, yaran su riƙa kai kayan gida-gida. Bayan an gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, Adi ya fara ɗinka takalma a ɗakin wankin uwarsu, da ragowar kayan soja da yake tsintowa. Wutar lantarki ba ta da tabbas a lokacin, don haka wani injin nasa da keke aka haɗa shi, mutum ya hau yana tuƙawa injin yana juyawa. Daga baya Rudolf ya shigo, a 1924 suka yi rajistar masana'anta da sunan 'yan'uwan biyu.

Allah Ya haɗa su yadda kowa ke cike giɓin ɗan'uwansa. Adi mutum ne mai shiru, ba ruwansa da surutu, in ya duƙufa a kan fata da ƙusoshi sai ya manta da abinci. Rudolf kuwa ɗan kasuwa ne na gaske, mai baki, mai iya tallata haja, ga kuma zafin rai. Ɗaya yana ƙerawa ɗaya yana sayarwa. Nan da nan takalmansu na guje-guje suka yi suna. Labarin da ya fi shahara shi ne na wasannin Olamfik na 1936 a Balin, inda aka ce Adi ya kai wa baƙar fatar nan ɗan Amurka, Jesse Owens, takalmin gudu, shi kuwa Owens a wasannin ya lashe lambobin zinare huɗu. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, suna sayar da takalmi wajen ƙafa 200,000 a shekara. Kin ji 'ya'yan mai wanki da guga.

To a ina tsutsa ta shiga goro?

Rudolf ya auri Friedl a 1928. Adi kuma ya auro Käthe a 1934, yarinya 'yar shekara 16 daga garin Pirmasens, inda ya je koyon aikin takalmi. Ubanta gwani ne wajen sassaƙa katakon da ake ɗora takalmi a kai don a fitar da siffarsa, wato ita ma a cikin sana'ar ta buɗe ido. Da arziki ya samu sai aka gina katafaren gida a jikin masana'anta, aka zuba kowa a ciki: tsofaffi biyu, wa da matarsa da 'ya'yansa, ƙane da amaryarsa. Da ganin wannan tsari za ki ce madalla, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Amma Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

Friedl ta riga ta saba da dokar gidan, ba ta da hayaniya. Käthe kuwa mace ce mai faɗin abin da ke ranta, tana da ido a kan harkar kuɗi, kuma ta lura mijinta ba ya iya tsayawa ya kare kansa in ana gardama. Sai ta zama bakinsa. Shi kuwa Rudolf, wanda ya saba in ya yi magana ƙanensa ya yi shiru, sai ya ga ga wata yarinya ta zo tana mayar masa da amsa. Shekaru da yawa bayan haka ya rubuta a wata wasiƙa cewa zamansa da ƙanensa lafiya lau yake daga 1924 zuwa 1933, har sai da matashiyar matar ta fara tsoma baki a harkar kamfani.

Ni dai a nan ina cewa a yi hattara, don ba a yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya. Ɗora wa mace laifi abu ne mai araha, ko a Jamus ko a nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ya daɗe da tsagewa. Akwai tambayar da 'yan'uwan biyu ba su taɓa zama sun warware ba: wane ne ainihin mai masana'antar, wanda ya fara ɗinki a ɗakin wanki ko wanda ya nemo masu saye? In ra'ayi ya saɓa, maganar wa za a bi? Muddin ana samun riba kowa ya haɗiye tasa. Zuwan faccaloli gida ɗaya ya sa abin da ake haɗiyewa a ofis ya fara fitowa a tsakar gida. In an yi cacar baki a masana'anta da safe, da dare kowa ya kai wa matarsa, washegari matan su haɗu a matakalar bene kowa fuska a murtuke. Babu inda mutum zai je ya huce.

Ana cikin haka yaƙi ya zo. Dukkansu biyu sun shiga jam'iyyar Hitler tun 1933, don haka a wannan fanni babu mai yi wa wani gori. An ɗauki Adi soja a 1940, amma bayan 'yan watanni aka sallamo shi a kan cewa masana'anta tana bukatarsa. A 1943 aka ɗauki Rudolf aka tura shi aikin kwastan a ƙasar Polan. Wannan abu ya tsaya masa a rai ainun. A ganinsa ƙanensa da matarsa ne suka shirya a kawar da shi don su mallake komai. Yana can yana aiko da wasiƙu yana ba da umarni, a gida kuwa ba a bi.

A wannan shekara ta 1943 ne aka ce wani abu ya faru, wanda har yau in ana ba da labarin gidan sai an ambace shi. Jiragen yaƙi sun taso za su yi ruwan bama-bamai, kowa ya ruga ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake fakewa. Iyalin Rudolf sun riga sun shiga. Adi yana shigowa da matarsa sai ya ce wai ga la'anannun nan sun sake dawowa. Shi da jiragen yake, amma ɓangaren wansa suka ɗauka da su yake. Tirƙashi! Magana zarar bunu ce. Da zukata lafiya suke, da dariya za a yi a wuce. Amma zuciyar da ta riga ta cika da zargi, ko sallama aka yi mata zagi take ji.

Da aka ci Jamus da yaƙi a 1945, sojojin Amurka suka shigo garin. A lokacin an riga an mayar da masana'antar wurin ƙera kayan yaƙi, sojojin kuwa suka yi niyyar tarwatsa ta. Käthe ce aka ce ta fita ta tare su, ta lallashe su cewa asalin aikin wurin takalman wasanni ne, har suka ƙyale. Kin ga matar da ake cewa ta cika tsoma baki, bakin nata ne ya ceci abincin gidan gaba ɗaya.

Amma abin da ya biyo baya shi ya ƙarasa kashe zumuncin. Amurkawa suka kama Rudolf suka tsare shi kusan shekara guda suna bincikensa, shi kuwa ya haƙiƙance ƙanensa ne ya kai sunansa. Da ya fito a 1946, lokacin ana tuhumar Adi a gaban kwamitin da ke tantance mutanen Hitler, sai ya ba da shaidar da za ta cutar da ƙanen. Käthe ita ma ta ɗauki alƙalami ta rubuta wa kwamitin takarda, ta wanke mijinta ta jibga wa wan miji laifi. Abin da ake yi a ɗaki ya koma gaban hukuma, a rubuce, da sa hannu. Daga nan babu sauran gyara.

A 1948 suka zauna suka raba komai, injuna da fatu da gine-gine. Rudolf ya kwashe iyalinsa ya haye ɗaya gefen kogin. Aka ce wa ma'aikata kowa ya zaɓi wanda zai bi. Mafi yawan masu ɗinki suka tsaya wurin Adi, masu talla da akawuna suka bi Rudolf. Wato ɗaya ya tashi da masu yi babu masu sayarwa, ɗaya da masu sayarwa babu masu yi. Rudolf ya fara kiran nasa Ruda, sannan ya mayar da shi Puma. Adi ya haɗa farkon sunansa da na gidansu ya yi rajistar Adidas a 1949.

Ga abin da ya fi taɓa mini zuciya a duk labarin. Lokacin rabuwar uban ya riga ya rasu, saura tsohuwa Pauline, wadda a ɗakin wankinta aka fara komai. Ita ce mutum ɗaya tak da za ta iya kiran su biyun ta ce ku zauna. Maimakon haka sai ta ɗauki ɓangare, ta bi Rudolf. 'Yar'uwarsu Marie kuma ta tsaya wurin Adi. Gida ya dare biyu, babu wanda ya rage a tsakiya.

Gabar ba ta tsaya a gidan ba, har gari ta raba. Kusan kowane gida a garin yana da mai aiki a ɗaya daga cikin masana'antun. Sai ya zamana kowane ɓangare da gidan burodinsa, da mahaucinsa, da kulob ɗin ƙwallonsa. Har aka yi wa garin laƙabi da garin masu sunkuyar da kai, domin kafin mutum ya gaishe ka sai ya fara duban takalmin da ke ƙafarka.

Ta fuskar kuɗi, kowa ya samu. A 1954 Jamus ta Yamma ta ci kofin duniya, ta doke Hungari da ci 3 da 2 a ranar da aka sha ruwan sama, 'yan wasanta sanye da takalmin Adi mai ƙusoshin da ake kwancewa a sauya. Sunan Adidas ya zagaye duniya. Puma ita ma ta yi tashe. Amma 'ya'yan da aka shayar da gaba tun suna goye, su suka ɗora daga inda iyaye suka tsaya. Horst ɗan Adi da Armin ɗan Rudolf, 'yan wa da ƙane, suka yi ta zuba kuɗi suna ƙwace wa juna 'yan wasa. Kafin kofin duniya na 1970 a Meziko sun yi alkawari babu wanda zai nemi Pele na Birazil don kada farashi ya haukace. Puma ta zagaya ta baya ta ɗauke shi, ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi ana gab da take wasa, duniya tana kallo. Suna can suna hararar juna a tsallaken kogi, wani kamfanin Amurka mai suna Nike ya taso ya wuce su duka biyun.

Rudolf ya rasu a 1974, Adi ya bi shi a 1978, ba tare da sun shirya a idon duniya ba. A maƙabarta ɗaya aka binne su, amma ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan. Kuma ciwon bai mutu da su ba, ya shiga cikin kowane ɗaki. 'Ya'yan Rudolf biyu, Armin da Gerd, sai da suka je kotu a kan wasiyyar ubansu. A gidan Adi kuwa, Horst ya daɗe yana zaman doya da manja da iyayensa da 'yan'uwansa mata huɗu a kan harkokin da yake yi a Faransa. Käthe ta riƙe kamfanin har ta rasu a ƙarshen 1984, Horst ya karɓa, shi ma ya rasu a 1987 yana da shekara 51. A 1989 'ya'yan Rudolf suka sayar da kasonsu na Puma. A 1990 'ya'yan Adi mata suka sayar da mafi yawan Adidas ga wani Bafaranshe, Bernard Tapie. Shi ke nan, dukiyar da aka ɓata zumunci dominta ta koma hannun bare. Sai a 2009 ma'aikatan kamfanonin biyu suka cakuɗa suka buga ƙwallon sada zumunci, shekara 61 bayan rabuwa, lokacin waɗanda suka fara faɗan duk sun zama ƙasa.

Yanzu mu tsallaka Indiya, ƙasar da muka fi sani ta hanyar finafinai, mu ga wata uwar da ta sami kanta a irin matsayin Pauline.

Dhirubhai Ambani ɗan malamin makaranta ne daga ƙauyen Chorwad a jihar Gujarat. Ya yi ƙwadago a birnin Aden na Yaman, ya dawo gida ya fara da cinikin kayan yaji da zare, har ya gina Reliance, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasar. Ya rasu a 2002 bai bar wasiyya ba. Ya bar 'ya'ya maza biyu a cikin kamfanin, Mukesh da Anil, ga kuma mata biyu. Su ma a dogon bene ɗaya suke zaune a birnin Mumbai da iyalansu. Ba a jima ba rigimar wa zai riƙe me ta tashi, kafin ƙarshen 2004 ta fito fili, jaridu suka samu abin bugawa kullum, masu hannun jari hankalinsu ya tashi.

Uwarsu Kokilaben matar gida ce, ba ta taɓa shugabantar kamfani ba. Amma ba ta ce Mukesh ne babba a bi shi ba, ba ta kuma ce Anil ne ƙarami a tausaya masa ba. Ta nemo wani amintaccen gidan, masanin harkar banki mai suna K.V. Kamath, ya taimaka aka ƙididdige dukiyar. A watan Yuni na 2005 ita da kanta ta fitar da sanarwa: Mukesh ya riƙe ɓangaren man fetur da sinadarai, Anil ya riƙe sadarwa da wutar lantarki da harkar kuɗi. Aka rubuta, aka sa hannu.

Kada ki ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Sun sake kai ruwa rana a kan farashin iskar gas har gaban kotun ƙolin ƙasar, wadda ta yanke hukunci a 2010. Amma ƙofar uwa a buɗe take ga kowa, kuma a ƙarshen 2011 aka ga iyalan duka sun taru a ƙauyen ubansu suna tunawa da shi. Sannan duniya ta juya. Arzikin Mukesh ya yi ta hauhawa, na Anil ya karye. A 2019 kotun ƙoli ta ce ko Anil ya biya kamfanin Ericsson bashin da ya haura rufi biliyan 4 na kuɗin Indiya cikin mako huɗu, ko ya tafi gidan yari wata uku. Wa ya fitar da shi kunya? Wan nan nasa da suka yi shari'a. Anil ya fito fili ya gode wa Mukesh, ya kuma haɗa da matar wan nasa, Nita. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

To 'yar'uwa, me za mu ɗauka mu kai ɗakunanmu?

Na farko, a raba aljihun shago da tukunyar gida. Yawancin faɗan da ake yi a kasuwancin dangi daga cefane yake farawa. Wannan ya zari kuɗi a shago ya yi wa matarsa ɗinkin salla, wancan ya gani ya zari ninki biyu. Ke kuma kina ƙirga atamfofin faccalarki kina kai rahoto. In maigidanki yana kasuwanci da ɗan'uwansa, ki ba shi shawara su yanka wa kowa abin da zai ɗauka a wata, sauran a bar wa uwar kuɗi, a raba riba a lokacin da aka ajiye. In kuma hali ya samu kowa ya yi gidansa, wannan ba yanke zumunci ba ne. Sau da yawa 'yar tazara ita ke sa a yi marmarin juna.

Na biyu, ki lura da abin da kike ɗauka daga tsakar gida ki kai wa miji, da abin da yake kawo miki daga kasuwa. Namiji zai dawo da zafi ya zazzage miki laifin wansa, gobe su haɗu a masallaci su shirya, ke kuwa kin riƙe har shekara. In kin ji magana mai harshen damo, ki tuna da ɗakin fakewar nan na 1943. Ki tambayi mai maganar me take nufi kafin ki kai gaba. Ba na ce ki yi shiru in ana cutar mijinki ba, Käthe ma bakinta ya yi rana. Amma akwai bambanci tsakanin ki ba shi shawara a ɗaki da ki zama ke ce mai amsa wa wansa a gaban jama'a.

Na uku, a rubuta. Mu kan ji kunyar takarda tsakanin 'yan'uwa, wai kamar rashin yarda ne. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Addini ya riga ya yanka wa kowane magaji kasonsa, amma sai an san mene ne na mamaci kafin a raba. Wane shago ne na uba, wanne ne babban ɗa ya saya da guminsa? Nawa ƙane ya zuba? In ba a rubuta tun uba yana da rai ba, ranar rabo kowa da lissafinsa a ka. Wannan ya fi shafar mu mata. Sau nawa ake ce wa mace ta bar gadonta a shago ana juya mata, shekara goma babu takarda babu lissafi, ranar da ta tambaya a ce ta cika son abin duniya? In za ki bar kasonki a hannun ɗan'uwanki, ki bari da zuciya ɗaya, amma a rubuta nawa ne, a gaban shaidu, a kuma sa lokacin da za a riƙa yi miki bayani. Takardar nan ita za ta tsare muku zumuncin, ke da shi da 'ya'yanku.

Na huɗu, ke uwa. Ranar da 'ya'yanki suka saɓa a kan dukiya, ke ce gadar da ta rage. In kika haye tsallake ɗaya kamar Pauline, babu sauran wurin haɗuwa. Ko da a ranki kin san wanda ya fi gaskiya, ki faɗa masa a keɓe, ki faɗa wa ɗayan a keɓe, ki bar ɗakinki ya zama inda kowa zai shigo ya ci tuwo. Abin da ya fi ƙarfin saninki na lissafi, ki nemo wanda duka ɓangarorin suka yarda da shi, ko kawunsu, ko aminin ubansu, ko malamin da ya san rabon gado, tun magana ba ta kai gaban alƙali ba.

Na biyar, kada ki shayar da 'ya'yanki gabar da ba su san asalinta ba. In kun saɓa da faccalarki, ki bar yara su je gidan baffansu su yi wasa, su yi yawon salla, su ci abinci. Horst da Armin ba su ne suka yi faɗan ɗakin fakewa ba, gadonsa suka ci, kuma shi ne gadon da ya fi daɗewa a hannunsu.

Daga ƙarshe, in zama ya ƙi, rabuwar kasuwanci ba abin kunya ba ce. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Gara a zauna a ƙirga, kowa ya ɗauki nasa, a yi addu'a a tashi ana gaisawa, da a ci gaba da zama a shago ɗaya ana cin naman juna. Kuɗi masu gidan rana ne, yau suna wurin wa gobe suna wurin ƙane, kuma babu wadda ta san ranar da mijinta zai bukaci wanda yake hararar a yau.

Allah Ya albarkaci neman mazajenmu, Ya haɗa kan 'ya'yanmu, Ya sa mu zama masu ɗinke ɓaraka a gidajen da muka shiga. Amin.